Rufi da Hayaƙi Tukuna, Fenti Daga Baya: Yadda Na Gyara Tsohon Kicin Ɗin Inna

Kicin ɗin da nake girki a ciki ya girmi aurena nesa ba kusa ba. Marigayi surukina ne ya gina wa Inna, uwar mijina, shi a gidanmu na unguwar Bagalam cikin garin Maraɗi, da tubalin ƙasa, aka rufa da kwano bisa azara. Tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2 da rabi, ƙofa ɗaya, babu taga ko ta leƙen gari. Ranar da aka kawo ni gidan na sa kai ciki sai na tarar da duhu da rana tsaka, kunkunniya ta yi zare-zare tana reto daga rufi, ƙasa kuma ta lotsa daidai inda ake ajiye turmi. A haka na yi shekaru ina girki, ido na hawaye, zane na warin hayaƙi.

Karon farko da na yi niyyar gyara shi, ana saura sati biyu Babbar Salla, na sayo galan guda na fenti mai mai, na sa yara suka shafe bangon bisa baƙin da ke jikinsa. Ya yi kyau na ƴan kwanaki. Kafin damina ta fita, baƙin ya huda fentin ya fito rawaya-rawaya, gindin bangon ya kumbura, fentin ya riƙa saɓulewa kamar fatar albasa. Kuɗin nan har yau ina jin zafinsu. Sai da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya zo, wanda duk ɗan Maraɗi bai manta da shi ba, ya cinye gindin bangonmu na gabas har hannu na shiga, sannan na zauna na yi wa aikin tunani daga tushe.

Abin da nake son ki riƙe, ƴar'uwa, shi ne jerin aikin. Mai kuɗi da yawa yana iya fara gyara ta ko'ina, in ya ɓata ya sake. Mu da muke haɗa namu dala-dala, sai mun san abin da ke gaba da abin da ke baya: a fara tsare ruwan sama, a fitar da hayaƙi, a yi wa ruwan wanke-wanke hanya, a gyara daɓe, a yi wurin ajiya, fenti ya zo ƙarshe in kuɗi sun rage.

Kuɗina na asusu ne. Ina cikin ƙungiyar mata irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a nan jihar Maraɗi tun 1991, muna zubi duk sati. Da aka fasa akwati rabona ya kama jika 120, wato sefa dubu 120, maigida kuma ya ɗauki nauyin siminti. Tun ranar na ware jika 12 na ƙulle a gefe na ce babu su, domin tsohon gini ba ya rasa abin da ya ɓoye, sai an fara sassaƙa ake gani. Kayan aiki da kaina na saye su, ni da ƙanen maigida, ranar Litinin da Juma'a da babbar kasuwa ke cika. Da magini kuma jinga muka yi, ba biyan yini ba: muka shiga kicin ɗin tare, na nuna masa komai ɗaya bayan ɗaya, muka yanke kuɗi a gaban maigida, aka raba biyan gida uku, kashin ƙarshe sai bayan an gama. Lokaci ma yana da nasa tasiri. Bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bango ya bushe, babu fargabar hadari, ƴan ci-rani sun shigo gari ana samun lebura cikin sauƙi.

Amma kafin ki kira kowa, ki yi sati guda kina lura da kanki. Sau nawa kike fita ɗebo ruwa a girki ɗaya? Ina kike ajiye tukunya mai zafi in kin sauke? Me kike duƙawa ki lalubo kullum? Ni na gane rabin gajiyata daga kai-komo tsakanin randa da murhu take, domin randar tana can bakin zaure. Daga nan na fitar da komai tsakar gida, tas. Abin da na tarar bayan buhuna ba ya faɗuwa: fasassun langa, murafen da ba su da tukwane, tukwanen da suka hude tun zamanin Inna. Na alminiyum na kai wa masu zubin tukwane suka auna suka ba ni sababbi biyu na cika ɗan abin da ya rage, sauran ƙarafan ƴan gwangwan suka saye. Da ɗakin ya zama wayam sai na ɗauki gawayi na zana a ƙasa: nan kanta, nan randa, nan wurin wanki, nan buhun hatsi. Na yi kwana biyu ina shiga ina kwaikwayon girki bisa zanen, ina gogewa ina sakewa. Gawayi ba ya cin ko dala, siminti kuwa in ya kama ya kama.

Rufi ba ya buƙatar dogon bayani. Ki shiga da tsakar rana ki rufe ƙofa, duk inda kika ga haske ya tsiyayo kamar allura, nan ruwa ke bi. Ki sa a yi wa wurin alama da alli. Ƙananan huda na bakin ƙusa ana toshe su da kwalta da ɗan ƙyalle, fallen da tsatsa ta cinye shi kaɗai za a canza. Mu biyu muka canza cikin shida. Ki sa a soki kowace azara da wuƙa, musamman kan da ya shige cikin bango. Ta giginya gara ba ta cika damunta ba, amma katakon da aka yi ciko da shi daga baya mun same shi fanko, sai ɓawon waje.

Gindin bango shi ne inda ginin ƙasa ke fara mutuwa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa in kika zagaya tsofaffin unguwanni, Bagalam ne ko Maradawa ko Ƴandaka, za ki ga bangon gabas ya fi kowanne zaizayewa. Ruwan da ke zuba daga kwano yana dukan ƙasa ya fantsamo, yana ci a hankali. Maginin ya cike ramin da tubali da laka, sannan ya yi wa bangon ɗan dakali na siminti ta waje, faɗin rabin mita, mai gangara zuwa tsakar gida. Wannan ɗan dakalin da ba wanda ke yabawa in ya shigo, shi ne abin da ya fi komai daraja cikin aikin.

A nan ne muka yi ja-in-ja da maginin, dattijo ne da ya daɗe yana aikin ƙasa kafin ya koma na bulo. Ni ina son a shafe ciki duka da siminti har sama. Ya ƙwanƙwasa tsohon shafen da ke jikin bangon da bayan cokalinsa, ya ce, "Uwargida, saurara." Sai na ji yana amo kamar ganga. Ya sa bakin cokalin ya ɗan taɓa, falle guda ya faɗo, bayansa ƙasa ce damshi da gidan kyankyasai. Ya ce siminti da laka ba sa riƙe juna da kansu, kuma in aka lulluɓe bangon ƙasa gaba ɗaya, damshin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Abin da muka yi shi ne, daga ƙasa zuwa mita 1 da santimita 20, inda ruwa da maiƙo ke taɓawa, ya kafa ragar kaji da dogayen ƙusoshi, kowace ƙusa ya huda marfin kwalbar lemo ya sa mata don ta danne ragar, sannan ya yi shafe mara ƙarfi sosai, awo 1 na siminti, awo 5 na yashi. Daga nan zuwa sama yaɓen laka aka sabunta. Yashin na gulbi ne, amalanke biyu, kuma sai da aka tankaɗe shi. In kicin ɗinki na bulo ne wannan wahalar ba taki ba ce, a fasa inda ya yi amo kawai a sake.

Yanzu hayaƙi, wanda saboda shi na fi son rubuta wannan. Mun saba da shi har mun ɗauka wani ɓangare ne na girki. Inna ta yi shekaru fiye da 30 a cikin ɗakin nan, yau idanunta kullum ja suna ruwa, tarin da take yi da asuba ana jin sa har ɗakina. Yaran da muke goyo a baya muna tuƙa tuwo, abin da muke shaƙa suke shaƙa. Hayaƙin icce yana cutar da huhu da ido, wannan ba a gardama a kai, kuma maganinsa a kicin irin namu bai kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba.

Hayaƙi sama yake nema, amma ba zai fita ba sai iska ta shigo ta ƙasa ta tura shi. Don haka kafa biyu ake buƙata, ba ɗaya ba. Mun huda taga mai santimita 60 kowane gefe a bangon arewa, kusa da inda wuta take, sannan a can ƙarƙashin kwano a bangon da ke fuskantarta aka jera bulo mai huda guda huɗu. Mun bar bangon gabas lafiya saboda ruwa. In bangon ƙasa ne, kar a kuskura a fara fasawa kafin a sa gindin da zai ɗauki nauyin sama: a fara sassaƙa layi a zura katako mai ƙarfi ko ƙarfe wanda ya zarce faɗin tagar ta kowane gefe, sannan a fasa ƙarƙashinsa. A kuma nisanci kusurwa da aƙalla rabin mita. Firam ɗin tagar tsoho na saya wurin masu sayar da kayan rusau, mai walda ya gyara mini shi, aka sa raga mai ƙananan ido saboda ƙuda da ɓera. Ranar da aka huda, hasken da ya faɗo bisa daɓen ya sa ɗiyata ta ce ashe ɗakin yana da girma haka.

Duk da taga, shawarata ita ce a fitar da wutar icce waje. Mun yi ƴar rumfa jikin kicin ɗin da fallen kwanon nan biyu da aka cire, bayan an toshe hudojinsu, a nan ake tuwo da dambu da dafuwar wake da duk abin da ke cin wuta. Kuma ba murhun duwatsu uku a fili ba, wanda iska ke kwashe rabin zafinsa. Akwai murhun ƙarfe Mai Sauƙi da maƙera ke yi, akwai kuma na laka da ake kira Albarka, wanda mace ke iya ginawa da hannunta. Shi na yi. Ana kwaɓa laka da kashin jaki ko na shanu da ƙaiƙayi, a rufe ta kwana biyar zuwa sati tana ruɓa, ana yayyafa mata ruwa. Sai a kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa amfani da ita, a gina laka kewaye har kusa da wuyanta, a bar tazarar yatsa guda tsakanin tukunya da ginin don wuta ta lashi gefenta hayaƙi ya samu mafita. A yanka ƙofar icce a gefe ɗaya tun laka na ɗanye, a bar shi ya bushe a inuwa sati guda kafin a hura. Kowane murhu da tukunyarsa. In kika ɗora ƙarama a na babba, zafin ta gefe zai gudu. Iccen da a da nake saye na kwana biyu, yanzu yana kai ni uku har da ɗan saura.

Da za a kwashe tsohon murhun ciki, Inna ta fito da sandarta ta tsaya bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗiyata, duwatsun nan kar a jefar mini da su. A kansu na dafa abin da mijinki ya ci ya girma." Na ce, "Inna, ai ba inda za su." Na wanke su, baƙaƙe sun yi sumul saboda daɗewa, su na kafa a cikin sabon murhun na rufe da laka. Duk wadda ke zaune gidan gado ta san gyara irin wannan ba da magini kaɗai ake yin sa ba. Ki shawarci tsohuwa tun kafin a sauke yashi, ki kuma bar mata abin da za ta gane ɗakinta da shi.

A ciki gas nake amfani da shi, na kunun safe da shayi da ɗumame da miya. Tun da matatar mai ta Soraz da ke Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 gas ya shiga gidajen talakawa, ƙaramin butali mai kilo 6 da ake ɗaura wa kai a bisa ya ishi ƙaramin gida. Sai dai ki san halinsa. Gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba za ta fitar da shi ba. Shi ya sa na sa aka bar huda biyu masu raga a gindin bango kusa da inda butalin ke zama. Butali a tsaye ake ajiye shi, nesa da rana da wutar icce. Duk lokacin da aka sauyo sabo, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin mahaɗar, in ya yi kumfa yana tashi to yana zuba; kar ki yarda kowa ya gwada da ashana. In mai tiyo ne, tiyon yana da shekarar da aka rubuta a jikinsa, kuma da zarar ya fara tsagewa a canza shi. Haka gawayi lokacin sanyi: kar a rufe ƙofa da taga a kansa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Ruwan wanke-wanke shi ne ɓarawo na biyu bayan ruwan sama. Da can a bakin ƙofa nake wanki in watsa, wurin kullum caɓi, kaji na tono, damshin na komawa gindin bango. Yanzu a kusurwar da ke kusa da ƙofa an yi ɗan gurbi na siminti mai gefe, kamar santimita 70 kowane ɓangare, da gangara zuwa bakin bututun roba wanda ya huda bango ya fita. Bututun ba lungu ya nufa ba. Ban ga amfanin in gyara nawa in ɓata wa maƙwabta hanya in tara musu sauro ba. An haƙa rami mai zurfin mita guda a tsakar gida, taku huɗu daga bango, aka cika shi da fasassun bulo da duwatsu, aka rufe da falle aka mayar da ƙasa. In akwai rijiya a gidan a nisanta ramin da ita sosai. Ki sa ƴar rariya a bakin bututun, ki kuma riƙa share maiƙo da sauran tuwo a ba dabbobi kafin wanki, domin su ne ke toshe ramin. Ban ja famfo ciki ba, kuɗin ba su kai ba. Randa na matso da ita, na ɗora ta bisa gindin ƙarfe a gefen gurbin, ɗigonta na faɗawa ciki, da bokiti mai ɗan famfo a gindi bisa kanta don wanke hannu da kayan miya.

Daɓen kicin ya kamata ya ɗara tsakar gida tudu da kamar santimita 10, kar ruwa ya kwararo ciki. Namu shekaru sun sa tsakar gida ta fi shi tudu, sai da aka yi ciko da burji da ɓaraguzan tsohon shafen da aka fasa, aka jiƙa aka daddaɓe, sannan aka zuba kankare kaurin santimita 5, da ƴar gangara, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa wurin wanki. Ki tsaya a kan wannan gangarar da kanki: washegari ki zuba ruwa kofi guda ki ga inda ya nufa, tun ana iya gyarawa. Sabon tayil ya fi ƙarfina, sai na sayi fasasshe, wanda maginanmu ke kira karo kase, ana sayar da shi buhu-buhu wurin masu tayil. Ni da yara muka zauna muka ware masu kaushi na ƙasa, masu santsi na bisa kanta, domin mai santsi in ya haɗu da ruwan kuɓewa sai kariya. Turmi kuwa waje ya koma, daka tana fasa daɓe. Abu guda da ake yawan sakaci da shi: siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, iskar hunturu kuma tana busar da shi kafin ya ƙosa. Mun shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara muna jiƙa su safe da marece har kwana 7. Aikin yara ne, kuma kyauta ne.

Kanta ta siminti na zaɓa, ban yi kabad ɗin katako ba. Katako a kicin ɗin ƙasa abincin gara ne, ɗakin kwanan kyankyasai kuma. Ginshiƙi uku na bulo aka tayar, aka zuba falle mai kaurin santimita 7 da rodi mai lamba 8 a ciki, tsawon bangon yamma. Tsayinta kar ki bar wa magini, jikinki za a auna: ki tsaya ki lanƙwasa gwiwar hannu, kanta ta zauna ƙasa da ita da kamar tafin hannu guda. Tawa santimita 85 ta kama. Inda gas zai zauna a rage tsayin, tun da butali da tukunya suna ƙara nasu. In ba haka ba sai kin yi ɗage kina leƙen miya. Ƙarƙashin kantar labule na sa da tsohon zane bisa waya, ban da gurbin da ke kusa da wuta, shi a buɗe na bar shi. Na kuma bar gefe guda babu kanta, inda kujera ƴar tsugunne ke zama, domin gyaran zogale da tsintar shinkafa a zaune muka iya su, Inna ma nan take zama ta taya ni.

A sama, maginin ya dasa ƙarafa a cikin shafen tun yana ɗanye, muka ɗora katako biyu daga ragowar wani kafinta, aka goge aka shafa musu mai. Ragowar rodi guda aka kafa a bango, mai walda ya lanƙwasa mini ƙugiyoyi, ludayi da mara da muciya da rariya duk suka bar ƙasa. Kuka, kuɓewa busassa, daddawa, yaji, barkono, kowanne ya shiga kwalba ko gwangwanin madara mai murfi. Buhun hatsi bisa bulo da katako yake, ba ya taɓa ƙasa ba ya jingina da bango. Wake kuwa, in tiya kaɗan ne, jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai ta isa: a cika ta har wuya a toshe, ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu. In buhu ne, akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, na nan Maraɗi suka yi aiki a kansa, ba ya buƙatar a zuba wa abinci magani.

Wayar wutar da ke ciki ta ƙone da hayaƙi har robarta na marmashewa. Wannan ba aikin yaron gida ba ne, mai gyaran wuta na kira ya sa sabuwa cikin bututu. Ƙwai ɗaya ya isa, amma a sa shi bisa kanta ta gabanki, in yana bayanki inuwarki za ki riƙa yanka albasa a ciki. Na rataya ƴar fitila mai cajin rana kusa da ƙofa saboda daren da aka ɗauke wuta.

Sai a nan fenti ya shigo. Azara da cikin kwano da duk inda tsohon baƙi ya rage sai da aka kankare, aka wanke da ruwan zafi da omo da toka, aka bari ya bushe. Saman bango farar ƙasa na shafa, ita ce ke barin laka ta yi numfashi, ga arha, ga haske. Ana jiƙa ta tun dare, a tace da safe, a tsinka ta kamar madara, a jefa gishiri cikin tafin hannu a kowane bokiti don ta kama. Shafi mai kauri tsagewa yake; a yi siriri sau uku, kowanne ya bushe. Tana ɗanya za ki ga kamar ba a yi komai ba, kar ki ƙara mata kauri, da ta bushe za ta yi fari fat. A kiyaye ido da hannu, tana ci. Ƙasan bangon mai siminti sai da na haƙura sati huɗu ya bushe ciki da waje, sannan na shafa fenti mai mai, ruwan ƙasa mai duhu, wanda in miya ta fantsama ana gogewa da tsumma. Rabin galan ya ishe ni wannan karon.

Silin ban yi ba, kuma ba na shawartar a yi shi a kicin mai kwano in kuɗi kaɗan ne, ɓera yake tarawa. Ƙofar ma tsohuwar ce, an dai yanke ƙasanta da ya ruɓe aka yi mata ciko da falle. Jika 12 ɗin da na ɓoye, 9 sun tafi a katakon rufin da gara ta cinye, 3 da suka rage na sayi tabarma da sabon faifai. Cikin watan Mayu, kafin hadarin farko, ƙanen maigida zai hau ya duba kwaltar da aka liƙa ya share bakin indararo, ni kuma in sake zagaya saman bangon da farar ƙasa shafi ɗaya. Rabon asusu mai zuwa na famfo ne. Maginin ya riga ya bar mini bututu a cikin bango daidai bisa wurin wanki, an toshe bakinsa da tsumma.